Uku-Uku Ta Gama Gari, Tana Neman Gama Daji

Daga Wakilinmu na Arewa

Babu yaron da ya tashi a ƙasar Hausa wanda bai san amsar kacici-kacicin nan ba: uku-uku ta gama gari. Kowa ya san murhu ake nufi, watau duwatsun nan uku da ake girka tukunya a kansu. Tun kaka da kakanni a kansu ake tuƙa tuwo, kuma har gobe in mutum ya shiga gidajen Cinade da na sauran garuruwan ƙasar Katagum ta Jihar Bauci, su zai tarar a madafa. Jinka ta ba kwano wuri, aci-balbal ta ba fitilar batir wuri, jaki ya ba babur wuri, wasiƙa ta ba wayar hannu wuri, amma murhu yana nan yadda kakanninmu suka bar mana shi.

Wannan bayani na yau dominku ne, 'yan'uwa mazauna Kurmi, ku da ke Agege da Idi-Araba a Ikko, da Sabo ta Badun, da Shagamu, da Anacha, da Fatakwal. Ku ne ke aikawa da kuɗin cefane gida duk wata, ku ne kuma ake bugo wa waya in tsohuwa ba ta da lafiya. To, ku sani, wani kaso na kuɗin nan da kuke nema cikin ruwa da rana, wuta ce ke cinye shi a banza, bai shiga tukunya ba balle ya shiga cikin yara. Akwai kuwa hanyar tare wannan ɓarna, kuma ba ta fi ƙarfin talaka ba.

HALIN DA AKE CIKI A GIDA

Cinade dai gunduma ce a cikin ƙaramar hukumar Katagum, ba ta da nisa da Azare. Mutanenta manoma ne da makiyaya, abin nomansu kuwa gero da dawa da wake da gyaɗa. Ƙasar rairayi ce, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba, saboda haka itacen da aka sare yau sai an yi shekaru kafin wani ya maye gurbinsa. Dattawan yankin suna iya ba da labarin zamanin da mace za ta fita bayan gari da hantsi, ta dawo da damin itace tun rana ba ta take ba. A wancan zamani marke da ƙirya su ne itacen girki, ba mai kallon sabara da kalgo. Sai farin 1972 zuwa 1974 ya zo, na 1983 zuwa 1985 ya biyo baya, itatuwa masu yawa suka bushe a tsaye. Jama'a kuma ta yi ta ƙaruwa, gonaki suka cinye sauruka, daji ya yi ta ja da baya.

Yau itacen kirki sai an ɗauko shi daga nesa a amalanke ko a mota, kuɗin ɗaukowa kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Wanda ba shi da hali sai ya koma kan sabara da kara da kandilo, a nan ne kuwa ɓarnar ke zama biyu. Karan da aka ƙone shi ne wanda dabbobi za su ci, a kuma yi danga da shi. Kandilon da aka ƙone kuwa shi ne takin da gona ke jira. Ashe ke nan murhu ba daji kaɗai yake ci ba, har rumbu yana taɓawa.

Jihar Bauci tana cikin jihohi 11 na bakin hamada da aka sa cikin shirin nan na ƙasashen Afirka na kafa katangar itatuwa, wanda Nijeriya ta kafa wa hukuma ta musamman a 2015. Dashen itace abu ne mai kyau, babu mai musu. Amma mainar da aka dasa bana, wadda Kanawa ke kira darbejiya, sai ta yi shekaru kafin a sami abin sarewa a jikinta, alhali kuwa tukunya kullum sai an ɗora ta sau biyu ko sau uku.

Da can an sa rai kananzir da gas za su raba mutane da itace. To, an janye tallafin kananzir a 2016, a 2022 lita ɗaya ta haura Naira 1,000. A watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin dakon kaya ya tashi, a 2024 kuma cika tukunyar gas mai kilo 12.5 ya haura Naira 15,000. Gidaje da yawa a birane suka rataye risho, suka koma kan gawayi da itace. Waɗanda suka daɗe a Kurmi ba za su manta da murhun da aka laƙaba wa sunan Abaca ba, lokacin ƙarancin kananzir na shekarun 1990. Duk sa'ad da birni ya koma kan gawayi kuwa, dajin ƙauye ne ke biyan bashin.

INA ZAFIN YAKE TAFIYA?

Masu binciken makamashi sun daɗe suna auna aikin murhu mai duwatsu uku. Abin da suka samu shi ne, a girkin gida na yau da kullum, zafin da ke shiga tukunya bai cika wuce kashi 15 cikin 100 na zafin da itacen ya bayar ba. Watau in an ƙone itacen Naira 1,000, abin da ya dafa tuwo bai cika wuce na Naira 150 ba, saura ya bi iska.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne, duk mai girki ta san shi. Murhun a buɗe yake ta ko'ina, saboda haka da iska ta kaɗa sai ta kwashe harshen wuta ta kai shi gefe, musamman da hunturu. Zafin yana watsuwa gabas da yamma, yana gasa ƙafafun mai girki da duwatsu da bango. Wutar kuma gindin tukunya kawai take lasa ta wuce, ba ta rungumar cikinta. Bugu da ƙari, iska mai sanyi da ke shiga ta kowane gefe tana hana itace ci sosai, shi ya sa hayaƙi ke turnuƙewa. Hayaƙi kuwa ba komai ba ne illa itacen da bai gama ci ba, watau kuɗi ne ke tashi sama.

Kada mai karatu ya zaci mu kaɗai wannan matsala ta sama. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Amurka, gidaje suna da wani buɗaɗɗen murhu a jikin bangon ɗaki domin jin ɗumi, su ma kuma sun gane cewa yawancin zafinsa ta bututun hayaƙi yake tserewa. Tun wajen 1742 wani Ba'amurke, Benjamin Franklin, ya ƙera murhun ƙarfe domin maganin wannan asara. A yau abin da suke yi shi ne, su kawo wani akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi su zura shi cikin ramin tsohon murhun, su haɗa shi da bututu. Da haka zafin da ɗaki ke samu yakan tashi daga ɗan kaɗan zuwa kashi 70 cikin 100 ko fiye. Ba su rushe murhun kakanninsu ba, killace wutar suka yi. Mu ma dabarar ke nan: a bar duwatsun nan uku inda suke, a kewaye su da bango.

YADDA AKE GINA SHI

Irin wannan murhu na laka ba baƙo ba ne a ƙasashen maƙwabtanmu. A shekarun 1980, bayan fari ya ja wa mutane kunne, an yaɗa shi a ƙauyukan Jamhuriyar Nijar da sunan Albarka, an kuma yi irinsa a Burkina Faso da Senegal. Gwaje-gwaje sun nuna cewa in an gina shi daidai, yana rage cin itace da kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci ma har kusan rabi. Gidan da ke ƙone dami uku a mako ke nan sai ya koma ƙone biyu.

Kayan aikin duk suna nan a Cinade, ba sai an je kanti ba. Ana bukatar yumɓu ko ƙasar shuri, da ɗan yashi, da kashin jaki ko na shanu, da ƙaiƙayi ko yankakkiyar ciyawa. Sai a kwaɓa su, a rufe, a bar kwaɓin ya tsima kamar mako guda, daidai yadda magina ke yi wa ƙasar gini. Ranar aiki sai a ɗauko ainihin tukunyar da za a riƙa girki da ita, a girka ta kan duwatsu uku, a tabbata tsakanin ƙasa da gindinta bai wuce tsawon tafin hannu ba. Daga nan a tayar da bango a kewaye, mai kauri kamar faɗin tafin hannu, a bi siffar tukunyar har zuwa kafaɗarta.

Abu biyu ne ke raba murhu mai kyau da na banza. Na farko shi ne tazarar da ke tsakanin bango da tukunya, wadda bai kamata ta wuce kaurin ɗan yatsa ba. Ta wannan 'yar hanya ce zafi zai bi yana gogar cikin tukunya kafin ya fita. In ta yi faɗi, an koma gidan jiya. In kuma ta toshe, wuta ba za ta sami numfashi ba, sai ta mutu. Na biyu shi ne ƙofar itace. Ƙofa ɗaya ake yankawa, mai ɗaukar itace biyu ko uku, a fuskantar da ita wajen da iska ta saba fitowa. Bayan an gama sai a shafe shi, a bar shi ya bushe a inuwa kamar mako guda kafin a hura masa wuta. Tilas ne ya ɗan tsattsage, sai a riƙa liƙe tsagar da laka. Da damina kuwa lalle ne ya kasance ƙarƙashin rumfa, don ruwa shi ne ajalinsa.

Kowace tukunya da murhunta. Saboda haka gida yana bukatar aƙalla biyu, na tuwo da na miya. Inda ake sa ran haihuwa kuma, ya kamata a gina na uku domin tukunyar ruwan wanka. Duk magidanci ya san abin da itacen jego ke ci a aljihu, don kwana arba'in ana tafasa ruwa safe da yamma ba wasa ba ne, a nan ne kuwa za a fi saurin ganin amfanin wannan gyara.

Ban da tsimin itace, bangon yana riƙe tukunya daram, muciya ta yi aikinta ba tare da tukunya tana rawa ba. Yana kuma kare yara masu rarrafe daga faɗawa wuta ko jawo tafasasshiyar miya, yana hana tartsatsi tashi ya kama danga ko zana da hunturu, lokacin da gobara ta fi yawa.

NA ƘARFE FA?

Wanda yake da ɗan hali, ko mai zaman haya da ke bukatar murhun da zai ɗauka ya tashi da shi, akwai na ƙarfe. A Yamai, a tsakiyar shekarun 1980, an koya wa maƙera yin wani murhu da tsofaffin ƙarafa mai suna Mai Sauƙi, aka kuma sayar da dubbai masu yawa. Dabararsa ɗaya ce da ta na laka: kewaye wuta, a matse tazara tsakanin murhu da tukunya. Maƙeran Azare da ke ƙera kurfoti da bokiti ba za su kasa yin irinsa ba, in dai an kai musu tukunyar sun auna.

A nan gida Nijeriya, cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta daɗe tana aiki a kan murhu mai tsimin itace. Akwai kuma wani murhu na farin ƙarfe mai suna Save80, wanda wata ƙungiya ta Kaduna mai suna DARE ta yaɗa tare da abokan aikinta na Jamus, daga baya kuma aka kafa masana'antar ƙera shi a Kano. Masu shi sun ce yana rage cin itace har da kashi 80 cikin 100, ƙirare kawai yake ci. Yana da tsada in an gwada shi da na laka, amma yana shekaru yana aiki. Masu shayi da masu sayar da abinci a zangunan Kurmi, ku ma wannan magana ta shafe ku, don wutarku daga asuba har dare take ci.

MAGANAR HAYAƘI

Asarar kuɗi da ta daji duk masu sauƙi ne in aka dubi ta lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Yana kawo ciwon huhu ga jarirai, da tari da sarƙewar numfashi ga manya, da ciwon zuciya, da yanar ido. Mace ce ke zaune a gindin murhu, sau da yawa da goyo a bayanta, abin da ta shaƙa kuwa shi yaron ke shaƙa. Tarin nan na tsohuwa da ake ta aiko muku da labarinsa, ana kai ta asibiti a Azare, ba mamaki madafa tana da hannu a ciki.

Amma fa gaskiya ɗaya ce, murhun laka rage hayaƙi yake yi, ba ya kawar da shi. Gas da lantarki su ne ke raba mace da hayaƙi sosai, wanda Allah ya hore wa kuma ya iya ɗaukar nauyin cika tukunyar gas a kai a kai, ya yi wa iyalinsa wannan gata. Wanda bai iya ba, to, ya haɗa sabon murhu da waɗansu dabaru. A yi girki a rumfa mai shan iska, ko a fasa taga a saman bangon madafa. In madafar rufaffiya ce, a sa wa murhun bututu ya fitar da hayaƙi waje. A wani bincike da aka yi a ƙasar Gwatamala, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2011, murhu mai bututu ya rage hayaƙin da yara ke shaƙa da kusan rabi, ciwon huhu mai tsanani kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A kuma guji ɗanyen itace, don kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙone ruwan kafin ta waiwayi tukunya. A faskara itace ƙanana, a shanya shi, a riƙa rufe tukunya da murfi, a jiƙa wake kafin a ɗora. Sai gargaɗi na musamman game da hunturu: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutum cikin barcinsa.

ABIN DA KE KASHE IRIN WANNAN AIKI

Kada wani ya zauna yana jiran gwamnati ta kawo masa murhu. A watan Nuwamba na 2014 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da kashe Naira biliyan 9.2 domin sayen murhu 750,000 a raba wa matan karkara. Shirin ya cije, aka yi ta cece-kuce, matan da aka yi domin su kuwa yawancinsu ko ƙeyar murhun ba su gani ba. A watan Maris na 2024 an sake amincewa da wata manufa ta ƙasa game da girki mai tsabta. Muna fatan alheri, amma tuwon dare ba ya jiran takarda.

Kyauta ma ba ita ce magani ba. A jihar Orissa ta ƙasar Indiya an gina wa gidaje masu yawa murhun laka mai bututu kusan a kyauta, masu bincike suka bi sawu har shekara huɗu. A shekarar farko hayaƙi ya ragu, daga nan sai murahun suka tsattsage, bututu suka toshe, ba mai gyarawa, mata suka koma kan tsohon murhunsu. Darasin a fili yake. Murhun da mai girki ba ta karɓe shi a matsayin nata ba, kwanansa kaɗan ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, kada ka zauna a Ikko ka yanke wa madafar Cinade hukunci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Iyayenmu mata suna da hujjarsu ta riƙe duwatsu uku. Ba a sayensu, suna ɗaukar kowace irin tukunya, suna cin kowane irin itace ko da kututture ne, da sanyi kuma yara suna kewaye su suna jin ɗumi. Ranar biki ko suna, in an fito da manyan tukwane, dole a koma kansu. Ba wanda ya ce a zubar da su. Abin da ake nema shi ne girkin kullum ya koma kan sabon murhu.

ABIN DA ƊAN KURMI ZAI YI

In ka tashi zuwa ganin gida, ko da Sallah ko bayan kaka, ware kwana ɗaya domin madafa. Zauna da mahaifiyarka da maiɗakinka, ka ji abin da ke damunsu game da girki. Nemi mai ginin tukwane ko magini na unguwa, a biya shi ladansa, a gina murhun a gaban matan gida, su sa hannu a aikin domin gyara ya zama ba sai an kira kowa ba. Rani ne lokacin wannan aiki, don laka ta sami bushewa kafin ruwa ya sauka, ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.

Kafin a gina, a lura da yawan itacen da gidan ke ci a mako guda. Bayan an gina a sake lura. Gani ya kori ji, in maƙwabciya ta ga damin da ke ƙarewa cikin kwana huɗu ya kai mako, ba sai an yi mata wa'azi ba, da kanta za ta zo neman a gina mata.

Ƙungiyoyin 'yan Katagum da ke garuruwan Kurmi kuma, waɗanda suka saba haɗa kuɗi domin gyaran masallaci ko rijiya ko taimakon marayu, ga wani aikin lada mai araha. Kuɗi kaɗan ya isa a ɗauki nauyin koya wa mata biyu ko uku a kowace unguwa wannan gini, su mai da shi sana'a, su riƙa yi wa sauran gidaje ana biyansu. Da haka 'yan mata za su rage yawon neman ƙirare su sami zuwa makaranta, kara da kandilo su koma gona, kuɗin da kuke aikawa kuma ya ƙara auki.

Mun yi wa iyaye rufin kwano, mun saya musu waya da rediyo, Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura wurin da suka fi daɗewa a cikinsa kowace rana, watau gindin murhu. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya ƙara wa iyayenmu lafiya, ya kuma mai da kowa gida lafiya, amin.